Filin Lafiyar Dabbobi: Za a iya yi wa kyanwa aikin ido tana farke?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, dukkansu daga cikin Zariya, kuma dukkansu a kan idon kyanwa da maganin kashe zafi suke magana. Ta farkon ce ta fi buƙatar dogon bayani, don haka da ita zan fara.

Tambaya daga wata uwargida a Tudun Wada: Assalamu alaikum, Likita. Ina da kyanwa da ta shekara huɗu a hannuna, tun tana 'yar mitsitsiya na raine ta. Makonni uku da suka wuce wani muzuru ya yakushe ta a idon hagu, idon ya kumbura ya yi fari, yanzu kuma ya fashe yana fitar da mugunya. Likitan da ya duba ta ya ce idon ya mutu, sai an cire shi, kuma sai an yi mata allurar barci. Ni kuwa tsoron allurar nan nake yi, domin na ji ana cewa wasu dabbobin ba sa farkawa. Bara aka yi wa mahaifina aikin yanar ido a Kaduna yana farke, allura kawai aka yi masa a gefen idon, har yana jin hirar likitoci. Me zai hana a yi wa kyanwata haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ita ma kyanwar Allah ya ba ta sauƙi. Abin da aka yi wa mahaifinki shi ne kashe wuri, wato a zuba magani kusa da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga wani sashe na jiki zuwa ƙwaƙwalwa, maganin ya toshe 'yan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiyar, sai saƙon ya tsaya a hanya, mutum yana cikin hayyacinsa amma bai san ana yanka shi ba. A ido aka fara wannan dabara, kuma a idon dabba. A shekarar 1884 wani matashin likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mai suna Karl Koller, ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo, ya taɓa idon da tsinin allura, kwaɗon bai ko ƙifta ba. Daga nan ya gwada a zomo da kare, sannan a idonsa shi kansa. Saboda haka tambayarki tana kan hanya, domin maganin yana kashe zafi a idon kyanwa kamar yadda yake kashewa a idon mutum.

Inda Baba ya bambanta da kyanwa shi ne, shi an ce masa ya kwanta kada ya motsa, ya ji, ya kuma san don amfaninsa ake yi. Kyanwa ba ta da wannan. Allurar kashe wuri tana ɗauke zafi, amma ba ta ɗauke tsoro, ba ta ɗauke warin ɗakin tiyata, ba ta hana ta jin hannayen baƙi a kanta da hasken fitila a fuskarta. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗura wa kyanwa ƙwaya ya san ƙarfin da ke cikin wannan ɗan jikin idan ta firgita. Aikin ido kuwa aiki ne da almakashi ke wucewa dab da jijiyoyin jini da jijiyar gani, fizgar kai sau ɗaya ta isa ta jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ko ita allurar kashe wurin ba za a iya soka ta a bayan idon kyanwa tana farke ba. Don haka likitanki ya faɗi gaskiya, allurar barci ba makawa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba zaɓi ake yi tsakanin allurar barci da allurar kashe wuri ba. Aikin da ya fi kyau shi ne wanda aka haɗa su biyun, kuma ta biyun ce ke rage haɗarin ta farkon. Dabbar da aka sa barci ba ta san abin da ake yi mata ba, amma jijiyoyinta suna nan suna aika saƙo. Da zarar an fara yanka, mai kula da barcin zai ga bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, wani lokacin ƙafa ta motsa, sai ya zama dole ya ƙara magani. Ƙarin maganin nan shi ke sauke hawan jini, ya rage numfashi, ya sanyaya jiki, ya jinkirta farkawa, kuma nan ne haɗarin da kike tsoro yake. Idan an riga an kashe wurin, saƙon ba ya isowa, sai a riƙe ta a barci marar nauyi har a gama. Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ido: idan aka ja ƙwayar ido ko aka danna ta, wata jijiya takan aika wa zuciya umarnin rage gudu, har bugun ya faɗi ƙasa farat ɗaya. Kashe jijiyoyin bayan ido yana taimakawa wajen toshe wannan hanyar.

Magunguna biyu aka fi amfani da su. Lidoken, wanda aka fara haɗawa a ƙasar Suwidin a 1943, yana kama jiki cikin 'yan mintuna amma ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. Bufibaken yana ɗan jinkiri kafin ya kama, sai dai yakan riƙe awa huɗu zuwa shida, wanda ke nufin kyanwar za ta farka, ta dawo hayyacinta, har a kai ta gida, wurin bai fara yi mata zugi ba. A ganina wannan ne babban amfaninsa, domin awannin farko bayan tiyata su ne mafi tsanani, kuma dabbar da ta farka cikin azaba ita ce ke birgima tana kai farce kan ɗinki.

Hanyoyin sa maganin ma sun bambanta. Akwai wadda ake tura allura mai ɗan lanƙwasa har bayan ƙwayar ido, cikin tsakiyar tsokokin da ke juya ta, a zuba magani kaɗan. Akwai wadda ake tsayawa a gefen ƙwayar, cikin kwarmin ido amma wajen tsokokin, a zuba ruwa mai ɗan yawa da aka sirka ya bazu da kansa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa a kyanwa hanyar gefen ta fi tabbas wajen kashe idon, ga shi kuma allurar ba ta kusantar jijiyar gani. Hanya ta uku ita ce a cire idon tukuna, sannan a zuba maganin a cikin gurbin, a bar shi ya jiƙa naman na 'yan mintuna kafin a ɗinke, a kuma yi wa gefen fatar ido allura. Ga kyanwarki da idonta ke mugunya, mai yiwuwa likita ya zaɓi ta ukun ko ya haɗa da wasu magungunan kashe zafi ta jini, domin ba a son tura allura ta ratsa nama mai ƙwayoyin cuta ta kai su ciki, kuma maganin kashe wuri ba ya kama naman da ya ruɓe yadda ya kamata. Wannan hukunci ne na wanda ya ga idon da idonsa.

Dalilin da ya sa nake cewa aikin na ƙwararre ne yana cikin lissafi. Kwalbar lidoken da aka fi samu a asibitocinmu tana ɗauke da miligiram 20 a kowane mililita guda. Kyanwa ba ta jure wannan magani kamar kare, kuma yawancin kyanwoyin gidajenmu ba su wuce kilo uku zuwa huɗu ba, don haka duk rabonta bai cika mililita guda ba, abin da ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi bai kai ba. Idan aka wuce, sai rawar jiki da farfaɗiya su biyo baya. Bufibaken kuma idan ya shiga jijiyar jini kai tsaye yana iya tsayar da zuciya, shi ya sa za ki ga likita ya soka allura, ya ja bakin sirinjin baya yana duban ko jini zai shigo, sai ya tabbatar babu sannan ya tura. Saboda haka ki tabbata an ɗora ta a sikeli, kada a ƙiyasta nauyinta da ido. Wani abin lura kuma, jijiyar gani ta kyanwa gajera ce ƙwarai, idan aka ja mataccen idon da ƙarfi lokacin cirewa, jan yakan kai mahaɗar jijiyoyin idanun biyu a gindin ƙwaƙwalwa, har lafiyayyen idon ya makance. Wanda ya saba aikin shanu da tumaki kaɗai yana buƙatar ya san da wannan kafin ya taɓa kyanwa.

Game da tsoron rashin farkawa, ba zan ce miki babu haɗari ba. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya, aka fitar a 2008, ya gano cewa a cikin lafiyayyun kyanwoyi kusan ɗaya cikin 900 ke mutuwa ta dalilin maganin barci, adadin kuma ya fi haka sosai a cikin marasa lafiya. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne fiye da rabin mutuwar bayan an gama aikin ta faru, galibi a awanni ukun farko. Ma'ana, lokacin da kowa ya saki jiki shi ne lokacin da ya kamata a fi sa ido. Kada ki yi gaggawar ɗaukar ta tana layi, ki bari ta ɗaga kai da kanta, jikinta ya yi ɗumi, musamman idan a hunturu aka yi aikin. A ɗaya ɓangaren kuma, barin fasasshen ido ba tsira ba ne. Ciwo ne dare da rana, ƙwayoyin cuta na iya bazuwa, kuma an san kyanwa da wani mugun ciwon daji da ke tasowa a idon da ya taɓa samun mummunan rauni, wani lokacin bayan shekaru.

A nan Zariya muna da sauƙi, tunda ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma likitoci masu zaman kansu. Ko ina kika kai ta, ki tambayi likita kai tsaye ko zai haɗa da kashe wurin, da wanda zai tsaya kan numfashinta yayin da shi yake aiki. Ki bi umarninsa a kan awannin da za a hana ta abinci, domin wasu magungunan barcin, irin su zailazin, suna sa kyanwa amai. Ki kuma roƙa a shafa wa lafiyayyen idon man ido, saboda maganin barci na ketamin yana barin idanu a buɗe ba ƙiftawa, ido ɗayan da ya rage mata kuwa bai kamata ya bushe ba. Ki ɗauke ta a kwando mai murfi da tsumma a shimfiɗe, ba a buhu ba. Kyanwa mai ido ɗaya tana hawa katanga, tana kama ɓera, cikin 'yan makonni za ki ga ta koma harkokinta.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Likita, na tsinci ɗan kyanwa a bayan ɗakinmu, idonsa a rufe da kwantsa yana ta hawaye. Da na kai shi asibiti, likita ya ɗiga masa wani magani, cikin minti ɗaya ya buɗe idon tar. Na roƙi a sayar mini da maganin aka ƙi, aka ba ni wani daban wanda ban ga yana aiki da sauri haka ba. Wani abokina mai kemis ya ce zai samo mini. In karɓa?

Amsa: Malam, kada ka karɓa, kuma likitan da ya hana ka ya yi maka gata. Abin da ya ɗiga maganin kashe saman ido ne, irin su furofaraken ko tetiraken. Ba ya warkar da komai. Aikinsa shi ne ya kashe zafi na ɗan lokaci, a kyanwa bai cika kaiwa rabin awa ba, don likita ya sami damar buɗe idon, ya leƙa bayan fata ta uku da kyanwa ke da ita a lungun ido, ya cire tsinke ko ƙaiƙayi idan akwai, ya auna matsin ruwan ido. Shi ne kaɗai wurin da ake kashe idon kyanwa tana farke, kuma don dubawa ne da ƙananan ayyuka.

Idan aka mayar da shi maganin kullum, illa biyu yake yi. Yana kashe sababbin ƙwayoyin halittar da ke rarrafowa su rufe gyambon da ke saman ido, sai gyambon ya ƙi warkewa, ya yi ta zurfi. Sannan idon da ba ya jin komai ba ya ƙiftawa yadda ya kamata, hawaye ya ragu, ƙurar hunturu ta shiga ba a sani ba, ɗan kyanwar ya sosa da farce bai ji ba. Na taɓa karɓar wata kyanwa da mai ita ya yi kwana shida yana ɗiga mata irin wannan, yana murna ta daina runtse ido. Da na haska fitila sai na ga tsakiyar baƙin idon ya yi laushi ya narke kamar kitse a wuta, ga wani ɗan ƙullutu baƙi ya turo, alamar saura ƙiris ya huje. Mutumin bai yi don mugunta ba, tausayi ne ya kai shi, amma idon bai tsira ba.

Abin da ke damun 'yan kyanwoyi irin naka galibi murar kyanwa ce, wadda ƙwayar cutar hafis ta kyanwa ko wata ƙwayar bakteriya ke haddasawa, kuma takan zo da atishawa da majina. Maganin da aka ba ka yana yaƙi da cutar ne, shi ya sa yake ɗaukar kwanaki. Ka riƙa jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce kana goge kwantsar a hankali kafin kowane ɗigo, auduga daban ga kowane ido. Kada ka sa kwalli, ko ruwan nono, ko ragowar maganin idon wani a gida. Na fi jin tsoron masu ɗauke da sinadarin deksametazon ko betametazon, waɗanda suka cika kemis-kemis, domin idan akwai gyambo suna hanzarta cinye idon. Likita yana gane gyambo ne da wani rini da ake ɗigawa, wurin da ya sale ya fito kore shar, kuma ba a sa irin waɗancan magungunan sai an yi wannan gwajin.

Tambaya daga wata malama a Gyallesu: An yi wa magena aikin fatar ido da ke lanƙwashewa ciki gashi yana gogar idon. Ranar farko lafiya lau, amma washegari ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi cin abinci. Tunda ba ta kuka, ta yaya zan san tana jin ciwo, kuma zan iya ba ta rabin farasitamol?

Amsa: Malama, farasitamol ko kwata kada ki ba ta. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da shi, sai ya koma guba ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iskar numfashi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar mage. Alamarsa ita ce dasashi ya rine ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki na mutane su ma suna illata mata ƙoda da ciki.

Abin da kika gani ya yi daidai da ƙarewar maganin kashe wuri. Ranar farko yana jikinta, da ya sake ta sai ciwon ya bayyana, kuma shi ya sa ake sallamar dabba da maganin kashe zafi na 'yan kwanaki, irin wanda aka auna da nauyinta, kamar meloksikam idan ƙodarta lafiya kuma tana ci tana sha. Tunda taki ta daina ci, kada ki ba ta wani magani sai likitan da ya yi aikin ya sake ganin ta, kuma yau ya kamata ki koma, domin mage ba ta jure kwanaki babu abinci.

Mage ba ta cika kuka don ciwo ba, ɓoyewa take yi, amma fuskarta tana faɗa. Masana a Jami'ar Montiriyal ta Kanada sun fitar da ma'aunin gane hakan a 2019, kuma abubuwa biyar yake duba. Ki tsuguna daga nesa ba tare da kin taɓa ta ba, ki ga ko kunnuwanta sun kwanta sun baje gefe maimakon su tsaya suna fuskantar gaba, ko lafiyayyen idon ma a runtse yake, ko bakinta ya ɗaure ya rasa zagayensa, ko gashin bakinta ya miƙe ya taru maimakon ya saki ya lanƙwaso, ko kuma kanta ya sauko ƙasa da kafaɗunta. Idan kin ga da yawa daga cikinsu, ki faɗa wa likita yadda kika gan su. Abin wuyan robar nan mai kama da mazurari da aka sa mata kuma ki bar shi dare da rana, ko da ta nuna ba ta so, ki ɗaga mata kwanon abinci a kan wani abu don bakinta ya kai, har zuwa ranar cire zare, wadda yawanci takan kama kwana 10 zuwa 14 bayan aikin.